Kaset a Ciki, Inji a Waje

Masu karatu, idan a makon jiya kun hangi wani dattijo mai furfura a gemu ɗauke da talabijin a ka, yana haɗa gumi a kan titin jami'a, to ku daina tambayar juna, ni ne. Ba sata na yi ba, ba kuma mai haya ne ya kore mu ba. Kallo na tafi. A zamanin da yaro ke kallon duniya a tafin hannunsa, ni sai da na yi dakon akwati kafin in ga fim guda, kuma duk wannan alheri ne daga manyanmu, Allah ya ƙara musu kumatu.

Bari in faro muku daga tushe. Autata tana karatu a jami'ar garinmu. Laburarensu yana da sashen fina-finai, kuma duk wata sukan fitar da sanarwar da suke kira "Abin Kallo na Wannan Wata", inda suke ba ɗalibai shawarar abin da ya kamata su kalla. Auta takan karanto mana ita daga wayarta da yamma don mu sha dariya. Akwai fim kan yadda kifi ke barci. Akwai na wani mai gina gada da ya mutu bai haye ta ba. Akwai na soyayya daga wata ƙasa mai nisa, wanda aka ce masoyan ba sa magana sai tsayuwa cikin ruwan sama. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, kowane fim da yabo iri ɗaya ake rufe bayaninsa: "Mai ratsa zuciya ne, kada ka bari a ba ka labari." Har na barcin kifin ma wai mai ratsa zuciya ne.

Rannan tana cikin karatu sai ta zo kan wani mai suna "Masu Sauraron Agogo". Irin fim ɗin nan ne da ba wasan kwaikwayo ba, wanda ake ɗaukar mutane suna aikinsu na gaske. Sanarwar ta ce ɗaliban jami'ar ne suka ɗauke shi shekaru masu yawa da suka wuce, a kan masu gyaran agogo na bakin tasha.

Inna, mahaifiyata, tana gefe tana ninke wanki da lalube. Sai hannunta ya tsaya.

"Ke, sake karanto wannan," in ji ta.

Babana mai gyaran agogo ne a bakin tasha. Ya rasu tun kafin a haifi Auta. Hotonsa ɗaya ne tal a duniya, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗakin Inna ya yi yoyo. Inna ta ce tana tune da ranar sarai: an aiko tun jajibiri cewa 'yan jami'a za su zo ɗaukar hoto mai motsi, ta goge masa rigarsa mai kyau, ya dawo da yamma yana mita wai yaran sun hana shi aiki. Fim ɗin kuwa ba wanda ya taɓa nuna mana shi.

Ga kuma inda matsalar take. Yanar ido ta kama Inna, likita ya ce jikinta ba zai ɗauki aiki ba. Ganin da ya rage mata kaɗan ne, kuma kullum raguwa yake yi. Bara tana gane fuskata daga bakin ƙofa, bana sai na tsugunna a gabanta.

"Ka kai ni in ga babanku," ta ce mini, "tun idon nan bai gama rufewa ba."

Na ce ai wannan abu mai sauƙi ne, Inna. Ku ji fa, wai abu mai sauƙi. Da shekaruna da komai na furta wannan magana a kan abin da ya ratsa ta hannun manya.

Washegari Auta ta kai ni laburaren. Tsakani da Allah, da na ga sabon ɗakin kallon da aka gina sai da na cire hula don girmamawa. Ƙofar gilashi ce, ta ciki kana hango talabijin mai faɗin bango, da kujeru reras ko ledarsu ba a cire ba. An ɗaura jan ƙyalle a bakin ƙofar, sai dai rana ta cinye jan har ya koma kalar ƙasa. Auta ta ce tun tana ajin farko ƙyallen yake nan, ana jiran Babban Mai Almakashi, ransa ya daɗe, ya sami sukunin zuwa ya yanka. Kafin nan ko mai shara ba ya shiga.

A wani tsohon ɗaki na gefe muka sami Malamar da ke kula da fina-finan, mace mai fara'a da tabarau, zaune tsakanin kantocin kaset-kaset na bidiyo daga ƙasa har rufi. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baba, ai an zamanantar da mu," ta ce, tana kallon gefe. "Duk fina-finan nan an zuba su a kwamfuta."

Na ce madalla, Allah ya saka wa manya. Ta juyo da kwamfutar wajena, ta rubuta sunan fim ɗin, ta danna. Sai ga hoton kwalin kaset ya fito, ta gaba. Ta sake dannawa, ga kwalin ta baya. Ta ƙara dannawa, ga shi ta gefe, har da tabon yatsan wanda ya riƙe shi.

Na gyara zama ina jiran a fara. Shiru.

"Malama, ina fim ɗin?"

"Ka gama kallonsa ke nan, Baba."

Ashe ɗan kwangilar da aka ba aikin da kyamara ya zo, ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukarsu hoto, ya loda a kwamfuta. Da manya suka zo duba aiki, aka danna musu, hoto ya fito tar, suka yi tafi. Ba wanda ya nemi a kunna ko ɗaya, don an riga an sanar cewa abinci yana hucewa. Tun da kuma an zamanantar, sai aka ga tsofaffin injinan kallon kaset sun zama tarkace masu zubar wa jami'a da mutunci. Aka kawo mota aka kwashe su kaf.

"To wannan shawarar kallo da kuke fitarwa duk wata fa?" na tambaye ta.

"Kwamiti ne yake zama. Sai in kai musu kwalaye, su karanta abin da ke baya, su zaɓa."

"Ba sa kallo?"

"Da me za su kalla, Baba?" Ta cire tabarau ta goge. "Ni kaina da nake share musu ƙura kullum, ko ɗaya ban taɓa gani ba. Ɗalibi ya zo ya ce Malama wanne ya fi kyau, sai in nuna masa wanda kwalinsa ya fi kala. Wallahi kunya nake ji."

Ta hau kujera ta lalubo mini kaset ɗin. Na riƙe shi da hannu bibbiyu, don na san babana yana ciki. Na ce ta ara mini zuwa gobe. Ta ce doka ta hana kaset fita daga ginin ko da taku ɗaya. Na ce to zan nemo inji in kawo. Ta ce doka ta hana shigowa da kayan lantarki daga waje, tun ranar da wani ya shigo da mataccen inji ya fita da mai rai. Na ce a kai ni wajen shugabanta. Ta ce yana ƙasar waje, wajen taron ƙara wa juna sani kan adana kayan tarihi. Mataimakinsa fa? Ya raka shi filin jirgi, a hanyar dawowa ya shiga layin mai, har yanzu ba a gan shi ba.

Na fito raina a ɓace, ban zarce ko'ina ba sai shagon maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda duk unguwa ke kira Injiniya. Mutum ne da bai taɓa jefar da ko ƙusa ba, shagonsa sai ka shiga a kaikaice. Na zauna a kan wata tsohuwar fanka na zazzage masa komai.

"Kai ma dai da neman rigima kake, mutumina," ya ce, yana hura wa wata waya iska. "Ina laifin manya? Wanda ya ga kwali ai ya ga fim. Ni ma na ƙaru. Daga gobe hoton nama zan riƙa kai wa uwargida, in ce ta zuba a miya."

"Ka yi a hankali, kada ita ma ta kawo maka hoton miyar."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya tsugunna ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci. Injin bidiyo ne mai kaset, kyanwarsa ta mayar da shi gado. Ya kore ta, ta fita tana hararar mu. Ya buɗe shi ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya jona, sai ga wata 'yar koriyar fitila ta kama. Ya ce zai yi aiki, amma fa a lallaɓa shi, don ya girme wa Auta.

To ga inji a hannuna, ga kaset a hannun Malama, ga doka a tsakani ta raba gari. Kullum da safe Inna sai ta tambaye ni, "Yau ne?" in ce mata ana kan shiri, irin amsar da manya ke ba mu. Ranar da na ji wannan kalma ta fito daga bakina sai da na tsani kaina.

Malamar ce ta kira Auta a waya, ta ce a ba ni.

"Baba, na sake duba dokar nan ciki da waje. Ta hana kaset fita, ta hana inji shiga. Amma bangon ɗakina mai kauri ne, dakalin tagar zai ɗauki inji. In ka ɗora shi a kai, bakinsa yana kallon ciki, gindinsa yana waje, inji bai shigo ba. In na tura kaset a bakinsa, kaset bai fita ba."

"Ƙarfen tagar fa, 'yata?"

"Babu ƙarfe. An ba da kwangilarsa tun da daɗewa, mutumin bai zo ba."

A nan dole in tsaya in yi wa wannan ɗan kwangila addu'a ta musamman. Bawan Allah, duk inda kake, rashin zuwanka ya yi wa iyalina rana. Da ka cika alkawari da mun shiga uku.

Ranar da aka sa, babur ɗina yana layin mai, ya daɗe a can har ya yi abokai. Na Injiniya yana bayansa. Da ƙyar muka samu tasi ɗaya ta ɗauki Inna da Auta, direban ya ce ba zai ƙara ko tsinke ba don mansa a ƙarshe yake. Shi ya sa kuka gan ni da talabijin a ka, Injiniya yana biye da ni rungume da inji kamar jariri.

Muka zagaya bayan laburaren. Malama ta buɗe taga, muka ɗora inji a dakali, muka kafa talabijin a kan benci a gindin bango. Ta miƙo wa Inna kujerarta ta tagar, ta karɓi wayar wuta ta jona a ciki. Wuta ma rannan ta yi mana kara, ba a ɗauke ba. Ɗalibai suka fara taruwa, wasu sun ce ba su taɓa ganin kaset yana aiki ba. Inna ta sa aka matso da ita har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Malama kuwa tana ciki, talabijin ya ba ta baya, sai ta zuro kai da kafaɗa ta saman injin tana leƙe a karkace.

Ta tura kaset. Inji ya haɗiye shi da ƙara. Allon ya yi yayyafin fari da baƙi, sannan hoto ya washe.

Wani ƙaton mutum ne mai tumbi, tsaye a gaban makirufo, da almakashi a hannu.

"Wannan ba babanku ba ne," in ji Inna. "Babanku bai taɓa yin ƙiba haka ba."

Malama ce ta fara ganewa, don ta ga ƙofar ɗakinta a bayan mutumin. Bikin buɗe tsohon ɗakin kallon ne, wannan da take zaune a ciki. Da alama a ranar an rasa sabon kaset na ɗaukar jawabi, sai wani mai kaifin basira ya miƙa hannu kan kanta ya zaro na kusa, aka ɗauki bikin a kan fim ɗin babana. Babban Mai Almakashi na wancan zamanin yana ta kaɗa yatsa, yana rantsuwa cewa daga yau ko ƙwayar tarihi ɗaya ba za ta sake salwanta a wannan ɗaki ba.

Masu karatu, na sha baƙin ciki a hannun manya, amma ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. Ji na yi kamar in ɗauki talabijin ɗin in maka da ƙasa, sai na tuna nawa ne.

"Injiniya, tura shi gaba," na ce.

"In na matsa masa zaren zai tsinke. Tsohon kaset ne, sai dai a bar shi ya tafi da ƙafarsa."

Haka muka zauna muka sha jawabin nan tun daga gaisuwa. Ya gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, da matansu, da waɗanda suka aiko da uzuri. Ya ba da tarihin kansa tun daga firamare. Ya yi alkawarin gina wani ɗakin kallo da ya fi wannan, mai ƙofar gilashi. Ɗalibai suka fara zamewa da ɗaiɗai da ɗaiɗai. Rana ta juyo ta doke mu, Auta ta cire mayafinta ta yi wa allon inuwa. Wuyan Malama ya ƙage, amma ta ƙi mayar da kai, sai haƙuri take ba mu kamar ita ta yi laifin. Injiniya ya leƙa cikin injin ya raɗa mini cewa zaren ya kusa ƙarewa.

Na tsugunna kusa da Inna. "Inna, ko mu tafi gida? Ina jin sun shafe shi duka."

Ba ta ko juyo ba. "Ku bar shi ya gama surutunsa. Na saba jiran babanku."

Abin da ya cece mu shi ne abin da ya saba kashe mu. Mutumin yana tsakiyar wani sabon alkawari sai aka ji wata murya a bayan fage ta ce an kawo abinci. Kyamara ta yi wuf ta juya wajen tebura, aka ga ƙafafu suna gudu, hoto ya yanke. Mai ɗaukar ma ya bi sahu.

Yayyafi ya dawo. Sai kuma muka ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙarar agogo masu yawa a tare. Hoto ya fito dishi-dishi: wani ɗan tebur a bakin tasha, da ƙananan sukurori a murfin gwangwani, da wani siririn mutum sunkuye, ya maƙala ɗan gilashin nan a ido ɗaya. Auta ta saki gefen mayafin ta ɗaga wayarta da hannu ɗaya. Mutumin ya ɗago kai, ya dubi kyamara, ya haɗa gira.

"Kai yaro, matsa can, ka tare mini haske."

Kyamara ta matsa. Ya sake sunkuyawa, ya ɗan murɗa wani abu, ya kai agogon kunnensa ya saurara. Sai ya yi murmushi. Nan zaren ya ƙare, inji ya yi ƙarar tsayawa.

Ni dai hawaye nake yi, ban kuma ɓoye ba, don rabona da muryar nan tun ina da baƙin gashi. Tsorona ɗaya, kada a ce duk wahalar nan Inna murya kawai ta ji. Na kasa tambayarta. Ita ce ta ɗago daga gilashin, ta goge ido da bakin zane.

"Wuyan rigar a karkace yake," ta ce. "Sai da na ce masa ya tsaya in gyara, ya ce zai makara."

Auta ta dube ni ta dubi allon, ta ce, "Baba, ashe goshinsa ka ɗauko." Malama tana rataye a taga tana kuka tana dariya, wai yau ta ga fim na farko a cikin kayan da take tsaro, kuma a karkace ta gan shi. Injiniya ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, muka bar shi a haka.

Abin da ya rage na babana ke nan, bai kai tsawon shan kofin ruwa ba, amma yana cikin wayar Auta yanzu, ita kuma a waje take tsaye lokacin da ta ɗauka, doka ba ta kai nan ba. Kullum Inna sai an kunna mata. Ta daina kai wayar kusa da ido, a kunne take karawa. In kuma na tsaya mata a bakin ƙofa, sai ta haɗa gira ta ce in matsa na tare mata haske, ta yi ta dariya ita kaɗai.

Jiya Auta ta kawo mana ƙarshen labari. Zancen ya kai kunnen manya, kuma sun ji daɗi ƙwarai. Sun ce wannan sabuwar fasaha ce da jami'a ta ƙirƙiro, sun raɗa mata suna Shirin Kallo ta Taga, sun kafa mata kwamiti. An kulle tagar, an ɗaura mata jan ƙyalle, sai ranar da Babban Mai Almakashi, ransa ya daɗe, ya sami sukunin zuwa ya buɗe ta.

Sanarwar wannan wata ma ta fito, kuma "Masu Sauraron Agogo" ne a sama. A ƙarƙashinsa an rubuta yadda aka saba: mai ratsa zuciya ne, kada ka bari a ba ka labari. Wannan karon dai gaskiya suka faɗa. Don Allah kada wanda ya gaya musu, kar su kafa kwamitin binciken yadda aka yi hakan ta faru.